Irin Tumatirin Inna da Kwalbar da Na Fesa

Da za a ba ni ikon cire safiya ɗaya daga cikin kwanakina, ba zan yi dogon tunani ba. Ba ranar da na bar karatun lakkwal ina aji uku ba ce, ba kuma ranar da na sayar da gonar tudu na tafi biɗar kuɗi a nesa ba. Wata safiya ce ta ƙarshen sanyi, shekara goma sha ɗaya ke nan, da na goya fanfon feshi na shiga fangalai uku na yayata alhali ba ta gari. Abin da na fesa shi ya kashe irin tumatirin da mahaifiyarmu ta bar mana. Ban taɓa buɗe baki na gaya mata ba. Kowace shekara sai in ce bari kaka ta wuce, bari a sha ruwan azumi. Wata biyu da suka shige muka kai ta makwancinta, maganar tana nan cikin bakina.

Ni ba mai ilimi ba ne, rubutun ma da ƙyar nake jan sa. Amma na ji tsoron kada a manta da ita, ko kuma a riƙa tuna ta da labarin da ba shi ne gaskiya ba.

Kwana uku muka zauna a ƙofar gida, ni a tabarmar gaba, don ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Mutane sun zo daga Keita, sun zo daga Ibohaman, wasu a amalanke, wasu a bayan moto. Na lura da abu ɗaya. Duk wanda ya yi addu'a ya shafa, ba ya daɗewa sai zancensa ya karkata wajen miya.

Wani ɗan kasuwar Madawa, wanda ya yi shekaru yana sayen kauɗa a hannunta, wato busasshen tumatir, ya ce shi bai taɓa kwance bakin buhunta don ya duba ba. "Tun daga nesa nika jin ƙamshi in ce wanga na tsohuwa ne. Ran da na ce zan gauraya nata da na wasu, ta ce in na kuskura kada in sake taka garkarta. Wallahi na ji tsoro." Aka yi dariya, liman ma sai da ya murmusa. Daga cikin gida aka ce mini wata tsohuwa da suka yi aikin jera duwatsu tare a kan tudu tana ta kuka, tana cewa a shekarun nan da ba a da komai, ɗan ƙullin kauɗar da yayata take rabawa da rana shi yake sa abinci ya shiga wuya.

Sai maƙwabcinmu na garka, tsoho ne da ya girme ni, ya gyara zama ya ce, "Allah Sarki. Tun shekarar da zahi ya cinye mata iri, miyar garin ga ba ta koma daidai ba."

Kowa ya gyaɗa kai. Wani ya ce zafin shekarar nan ba a magana. Ni ma na gyaɗa kai, na ce, "Ikon Allah." Na ɗora sunan Allah a kan aikin hannuna, ina zaune a tabarmar makokinta.

Ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Ina da bakwai Inna ta rasu, daga nan ita ce uwa. Auta take kirana, kuma ba ta bari ba har gemuna ya yi fari, har a gaban surukaina. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gida ta kama rabin garkar mahaifinmu a cikin kwari. Ba danga tsakaninmu, layin zogale ne kawai, rijiya kuma ɗaya.

Abin da ta fi riƙewa da daraja a duniya iri ne. Irin Inna muke ce masa, don Inna ce ta zo da shi daga garinsu ranar da aka kawo ta, a ƙulle a bakin zane. Ɗan ƙaramin tumatir ne, bai wuce ƙwan zabo ba, fata mai kauri, ruwa kaɗan, ga tsami mai tada miya. Idan aka tsaga shi aka shanya a kan fa, kwana huɗu ya bushe, kuma ba ya baƙi. Kowace shekara yayata takan ware fangalai uku kusa da rijiya ta ce waɗannan na iri ne, ba na ci ba, ba na kasuwa ba. Gindin da ya fi yi mata takan ɗaura masa jan tsumma. In 'ya'yan sun nuna luguf sai ta matse su a ƙwarya, ta rufe kwana biyu, ta wanke, ta zubar da ƙwayoyin da suka taso saman ruwa, ta shanya na ƙasa a inuwa, ta gauraya da toka ta ɗura a gora. Rabi ta shuka, rabi ta ajiye. Kuma ba ta rowa. Mace in za ta yi aure wani gari, ko baƙuwa ta yaba miya, sai ta ƙulla mata kaɗan a bakin zane kamar yadda aka yi wa Inna.

Amma abin da mutanen kwarin nan suka fi saninta da shi karan gero ne. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi ƙarfi, za ka gan ta tana bin fangali da kara a hannu, kowane gindi ta ɗan buga shi sau biyu, a hankali, kamar mai ta da jariri. Masu wucewa sukan tsokane ta.

"Tsohuwa, mi sunka yi miki yau kuma?"

"Ba su gaishe ni ba," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai.

Ni ta taɓa nuna mini dalili, ina saurayi, kunnena yana wani wuri. Ta kama fure ɗaya, ta sa farcen babban yatsa a ƙarƙashinsa, ta ɗan ɗalle shi. Wani gari rawaya ya sauka a farcen, kaɗan ƙwarai, sai ka kawo ido kusa. Ta ce, "Ka ga wanga? Shi ne duka aikin. In bai hito ya sauka cikin huren ba, babu ɗa. In ka zo da raɓa ya jiƙe, ba ya zuba. In ka bari rana ta take, ya mutu." Sa'an nan ta nuna mini wata 'yar gaɓa a wuyan furen, ta kira ta gwiwa. Ta ce daga nan fure yake yanke shawara. In gwiwar ta kumbura ta yi kore, ya kama. In ta fara rawaya, ko me za ka yi gobe yana ƙasa.

Akwai wani baƙin ƙwaro, kamar ƙudan zuma amma ya fi shi ƙiba, mai huda busasshen itace ya zauna ciki. Yakan rataye a ƙarƙashin fure yana gunji har furen ya yi rawa. "Ɗan aikina" take ce masa. Saboda shi ta hana a taɓa wani tsohon kututture da ke bakin rijiya. Shekarar da itace ya yi wuya na ɗauko gatari, ta tsaya a gabansa ta ce, "Sare ni tukuna." Ba ta son taki ya yi yawa a fangalin iri, ta ce tumatir in ya ƙoshi ainun ganye yake yi ya manta da fure. Duk wannan ba wanda ya koya mata a takarda. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Ido ne, da haƙuri, da shekara hamsin na durƙuso.

Ni kuwa na dawo daga biɗa da injin ban ruwa da irin sashe, wato na 'yar leda da ake saye a kanti, da baki mai yawa. Ta kan dube ni ta ce, "Auta, hannunka ya hi kanka sauri."

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya yi wani zuwa a ƙarshen damina, ƙorama ta ƙetare ta binne mana reno da yashi. Dole aka sake shuka, an makara da kusan wata biyu. Yayata ta juye gorar duka, har rabin da ta saba ajiyewa. Ke nan duk abin da ya rage na irin Inna a hannunmu yana cikin fangalai ukun nan. Kuma saboda makara, fure ya zo ya haɗu da farkon zafi.

Nawa ya riga nata fure da 'yan makonni. Ina ji ina gani yana zuba, ƙasa ta yi rawaya. Ranar kasuwar Madawa na kai kuka wurin wani mai tebur, ya miƙo mini 'yar kwalba, ya ce maganin riƙe fure ne, murfi ɗaya a bido ɗaya, wato jarka ɗaya ta ruwa. Rubutun jikinta ba Faransanci ba ne, balle in yi ta haɗa baƙi. Na fesa. Cikin mako biyu zuba ta tsaya, 'ya'ya suka fara kumbura reras. Kaina ya yi girma. Na leƙa ta kan zogale na kira ta.

"Yaya, zo ki ga aikin zamani."

Ta zo, ta tallabi ɗaya a tafin hannu ba ta tsinke ba. Ta ce, "Bai da nauyi."

"Ki dubi girma dai!"

"Na gani. Kai ma ai ka yi girma."

Maƙwabcinmu yana jin mu, ya fashe da dariya. Dariyar nan ce ta hau mini kai. Na ce mata ita ta zauna tana bugun ganye da kara kamar mai korar aljanu, duniya ta wuce ta.

Ta ce, "In ta wuce ni, ta gaida na gaba."

Sai na faɗi wadda har yau take ƙona ni. Na ce Inna ta daɗe a ƙasa, irinta ma lokacinsa ya yi. Ta juya ta ƙetare zogale. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, amma ko rana ɗaya ƙwaryar miyar da take aiko mini ba ta fasa zuwa ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Babankatami. 'Yarta ɗaya tilo, wadda ta yi karatun noma take aikin malamar gona a wajen Buza, haihuwa ta zo mata da gardama. Fangalan iri kuwa a makon nan suka buɗe fure. Yayata ta tsaya a bakin rijiya da ƙunshin kayanta a ka, ta daɗe tana dubansu. Sai ta miƙo mini karan.

"Da hantsi, bayan raɓa. Kowane gindi bugu biyu. Kada ka sa musu komi sai ruwa. Ka ji, Auta?"

Na ce, "Na ji."

Kwana biyu na yi ina bugawa, ina jin kunyar masu wucewa. Fure yana ta zuba, kamar yadda dole wani ya zuba a irin wannan zafi. Rana ta uku na jingine karan na ɗauko fanfo. Na ce a raina irin gida taurin kai gare shi, murfi ɗaya ba zai ji ba, na zuba uku. Na ƙara da maganin ƙwari, wai in yi aiki ɗaya. Bayan kwana biyar na sake, na kuma sakewa. Allah ya sani ba ɓarna na nufa ba. So nake ta dawo ta tarar da fangalanta sun yi nauyi, ta dube ni ta ce, "Auta, ashe kai ke da gaskiya." Ina da shekara sittin da wani abu, abin da nake nema ke nan.

Kwana ashirin da huɗu ta yi. 'Yar ta tashi, jikan ya rayu. Daga tasha ba ta biya gida ba, garka ta wuce, na gan ta tafe da hantsi. Ni na riga na san akwai abin da ba daidai ba, don sabon ganyen ya tsuke ya nannaɗe kamar yatsun tsoho, sabon furen kuma a murɗe yake fitowa. Amma 'ya'ya sun kama, manya, girman da irin Inna bai taɓa yi ba, kowane da ɗan tsini a gindi. Da su nake ƙarfafa zuciyata.

Ta ajiye kaya. Ta tsaya ta saurara, ta ce, "Garka ta yi shiru." Ta dubi kututturen, ba mai shiga ba mai fita. Ta kama fure ta ɗalle a farce. Babu komai. Ta kama wani. Sai ta ciro 'yar wuƙarta ta tsaga ɗanye ɗaya. Ciki rami ne, ɗakuna fayau, ba ƙwaya. Ta tsaga na biyu, na uku, har wanda ke jikin gindin jan tsumma. Ina tsaye riƙe da tiyo, ruwa yana zuba a ƙafata. Na jira ta tambaye ni. Da ta tambaya, ina jin da na faɗa.

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe. Sai ta ce, "Auta, ka karya?"

Na ce, "Na karya."

Ta ce, "To."

Maƙwabcinmu ya leƙo yana yi mata barka da zuwa, ya ga tsagaggun tumatir a ƙasa ya ce lafiya? Ta ce, "Zahin bana ne." Daga bakinta labarin ya fita, shi ne kuma ya zauna a garin har ranar makokinta.

Ta koma bugun kara, amma zafi ya riga ya sauka sosai, gindin kuma ba su sake yin furen kirki ba. Da 'ya'yan suka nuna ta matse fangalai ukun duka a ƙwarya. 'Yan ƙwayoyin da aka samu shafaffu ne, kusan duka suka taso saman ruwa. Ta shuka su haka nan. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Daga shekarar nan ta shiga nema. Ta bi matan da ta taɓa ƙulla wa iri, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce ɓera ya ci, waccan ta ce ai sun koma na sashe tuntuni. Duk kasuwar da ta shiga, Keita ko Ibohaman ko Babankatami, sai ta bi layin masu kauɗa, ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta tauna ido rufe, ta ce, "Ba shi ba ne." Wani lokaci ina bayanta ina riƙe mata kwando. Ita ma ta koma shuka na sashe kamar kowa. Gorar tana rataye a ɗakinta ba komai ciki sai toka.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. A shekarar da ta biyo, da hantsi, sai na ga ta gama nata fangalan ta ƙetaro zogale tana buga nawa. Da can ba ta taɓa yi ba. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Haka ta yi shekara goma, har ƙafa ta gaza.

Rana ta uku ta makoki, bayan an yi sadaka an watse, na kasa zama. Na ce da 'yarta ta raka ni garka. Muka zauna a kan bakin rijiya da la'asar, na gaya mata duka, tun daga mai tebur har murfi uku. Ban dube ta ba sai da na gama.

Ta ce, "Kawu, kwalba mai koren murfi?"

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani.

"Uwata ta tsince ta bayan danga, inda ka jehwa. Bayan wata guda ta zo da ita Babankatami, ta ce in gaya mata mi ke ciki."

Na ce ta gaya mini yadda ta gaya mata. Ta ce tsiro ba shi da baki, amma sassan jikinsa suna aika wa juna saƙo, da wasu sinadarai da shi kansa yake yi, kaɗan ƙwarai. Wasu su ke sa fure ya girma, garin cikinsa ya nuna, jakar garin ta buɗe ranar da ya kamata. Zafi in ya yi yawa yakan rikita wannan aiki, garin ya fito a mace ko ya ƙi fitowa. In kuwa gari mai rai ya sauka inda ya dace, ƙwaya ta kama, to ƙwayar ce take aika saƙo cewa ga ni, a riƙe ni, a kawo abinci. Sai gwiwa ta ƙi saki, nama ya fara taruwa. In ba saƙo, wani sinadarin daban ya tsinke furen daga gwiwa. Ta kira mini sunayensu, oksin da jiberelin da etilen, na sa ta rubuta mini a takarda don kada in ɓata.

"Abin da ke cikin kwalbarka, Kawu, kwaikwayon saƙon ƙwaya ne. Hure ya ji an ce ƙwaya ta kama, sai ya riƙe ya kumbura, alhali ba kowa ciki. Akwai masu amfani da shi ga na kasuwa, da awo. Amma ba a kai shi hwangalin iri. Kai kuma ka ninka, ka ƙone huren baya, ka kashe mata 'yan aiki."

Na ce, ko da ban fesa ba, ai zafin zai ci?

Ba ta sassauta mini ba. Ta ce, "Zai ci da yawa. Ba zai cinye ba. Huren da ya buɗe da sauran sanyin sahiya, in an buga shi, wani na kamawa. Cikin tahin hannu ɗaya ya ishe ta."

Na tambaye ta me uwarta ta ce da ta ji.

"Ta ce, ashe ƙarya anka yi ma huren. Ni na hasala, na ce sai na zo na same ka. Ta kama hannuna ta ce in na buɗe baki ba ta yahe mini ba. Ta ce, 'Na san Auta. In ya san na sani, kunya ba ta barin shi ya sake shigowa garka, sai ya koma biɗa da tsuhwa ya mutu can. Abu biyu Inna ta bar mini. Na rasa ɗaya. In rasa na biyun kuma?'"

Ban san tsawon zaman da na yi a bakin rijiyar nan ba. Shekara goma sha ɗaya ina tsammanin ni nake ɓoye mata abu, ashe ita take rufa ni.

Ranar bakwai wata tsohuwar Bafulatana ta iso, ƙawarta ce ta ƙuruciya, da can tana kawo nono tana karɓar kauɗa. Sun fi shekara ashirin da yin arewa da dabbobinsu. Yayata ta sha tambayar inda suka zauna, ba wanda ya sani. Labarin rasuwar ne ya same ta a wata kasuwa. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, ta kwance wata 'yar jaka ta turo gabana.

"Ba ni da abin kawowa sai nata. Ran da za mu tashi ta ƙulla mini, tana zagina wai mu ba mu iya komi ba sai bin saniya. Bayan ɗaki nika zuba shi inda ruwan wanki ka gudu, akuya ta ci, ni in ci saura."

Kauɗa ce, ƙanana, ja, ba su yi baƙi ba. Ba ta ma san an rasa shi a nan ba. Na ɗauki ɗaya na sa a baki na rufe ido kamar yadda na ga ana yi. Tsamin ya bugi haƙorina. Zuciyata ta ce shi ne. Amma ban amince da zuciyata ba, tana da dalilin son ya zama shi. Harshen da zai yanke wannan hukunci mun rufe shi da ƙasa kwana bakwai kafin jakar ta iso.

'Yar yayata ta ce tumatir yawanci da garin kansa yake kamawa, saboda haka akwai fata bai sauya ba. Muka jiƙa kauɗar muka tsince ƙwayoyin ɗaya ɗaya. Wasu rana ta riga ta kashe su. Goma sha tara suka tsiro. Na dasa su a fangalin da ke kusa da rijiya, na nemo wani busasshen kututture na ajiye kusa da tsohon. Ranar Juma'ar da ta wuce na tara maƙwabcinmu da liman da waɗanda suka zauna makoki na gaya musu ba zafi ba ne, ni ne. Maƙwabcin ya ce, "Kuma ta bari muna ta zagin rana."

A makon nan furen farko ya buɗe. Jiya da hantsi, bayan raɓa, na ɗauko karanta, wanda wurin riƙonsa ya yi santsi. Na buga sau biyu. Na sa farce a ƙarƙashin fure na ɗalle, gari ya sauka, rawaya. Ban san lokacin da na ce, "Yaya, ga shi," da ƙarfi ba. Gwiwar dai har yanzu kore take. Ko zai kama, ko shi ne irin Inna, Allah ya sani.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa abin da ta ciyar ya tsaya mata. Ku da wannan takarda ta iso gare ku, ku yi mata addu'a, sa'an nan ina roƙonku kada ku yi abin da na yi. In an ba ku amanar fangalin iri aka ce ruwa kawai, ku ba shi ruwa kawai. Abin da ba ku iya karanta jikinsa ba, kada ku zuba a kan abin da ba a sayen wani in ya ɓace. In kuma hannunku ya riga ya yi ɓarna, mai abin yana nan da rai, layin zogale ne kawai tsakaninku, ku ƙetara yau. Ni na tsaya jiran gobe, yanzu sai fure nake gaya wa.